'Yar Lambar da ke Kusurwar Allo

Ni mai gyaran kwamfuta ne, magidanci, furfura ma ta fara leƙowa a gemuna. Duk da haka, idan na rufe shago, na ci tuwo, yara suka yi barci, nakan zauna gaban allo in shiga wasan harbe-harbe da mutanen da ban taɓa gani ba. Ba kowa nake faɗa wa wannan ba. A unguwarmu, wanda ya kai shekaruna ana sa ran a same shi a majalisa ana hirar siyasa da farashin masara, ba a tarar da shi da hedifon a kunne yana roƙon wani ɗan ƙasar Sifen ya tsare masa ƙofa ba. Sunan wasan Counter-Strike. Wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ƙago shi a 1999 a kan wani wasa mai suna Half-Life, kamfanin Valve ya karɓe shi a 2000, har yau kuma ana gasarsa a duniya. Mutum biyar ne ke karawa da biyar: ɓangare ɗaya na neman dasa bam, ɗayan na hana shi, wanda aka kashe kuwa ya koma ɗan kallo har zagayen ya ƙare. Na shige shi bayan an mayar da sigarsa mai suna CS:GO kyauta a watan Disamba na 2018, don kafin nan ba ni da hanyar biyan dala ta intanet.

A can saman allon, a kusurwa, akwai wata 'yar lamba da ba ta zama wuri ɗaya. 'Yan wasa na ce mata FPS. Aikinta ta faɗa maka hotuna nawa kwamfutarka ta zana a cikin sakan ɗaya, domin abin da ido ke ɗauka motsi ne, hotuna ne tsayayyu ake jero su da sauri. Fim ɗin silima 24 ne a sakan. Talabijin irin wadda muka tashi muna kallo a Najeriya 25 ce. Amma su waɗannan an riga an ɗauke su, nunawa kawai ake yi. A wasan kwamfuta babu wani hoto a ajiye. Duk ɗan juyin da ka yi da maus, sai injin ya lissafa bango da inuwa da haske da mutanen da ke gabanka, ya zana sabon hoto nan take. Idan aikin ya yi masa yawa, sai lambar ta faɗi.

Ba ta fitowa da kanta, sai ka kira ta. A Counter-Strike akan buɗe akwatin umarni a rubuta cl_showfps 1, a zamanin CS:GO kuma mun fi son net_graph 1, don ita tana haɗowa da labarin intanet. Steam, manhajar da ake buɗe wasan ta cikinta, na da nasa makunnin a cikin saiti, ka zaɓi kusurwar da kake so. Valorant, wanda Riot Games ta fitar a 2020, shi ma a saitin hoto ake kunna ta. Mu masu gyara kuwa mun fi riƙe MSI Afterburner da abokiyar tafiyarta RivaTuner, saboda suna nuna zafin injin a gefen lambar. Tsofaffin 'yan wasa za su tuna Fraps da lambobinta masu ruwan ɗorawa.

Kafin in ci gaba, ga ɗan lissafi, don duk maganar a kansa take. Sakan ɗaya milisakan 1,000 ne. Idan inji na ba da hoto 30 a sakan, kowane hoto yakan zauna a allo kimanin milisakan 33 kafin sabo ya zo. A 60, kusan 17. A 144, kusan 7. A 240, 4 da ɗoriya. A wasan da mutum biyu ke cin karo a kwana, wanda ya riga ganin ɗan'uwansa ya riga harbi, wannan tazarar ba wasa ba ce. Sai dai a lura: daga 30 zuwa 60 ka ci ribar milisakan kusan 17, daga 144 zuwa 240 kuwa ribar ba ta kai 3 ba, alhali a nan ne kuɗin ya fi tafiya.

Da farko abin taƙama na mayar da lambar. Muna da wani zaure a WhatsApp, mu 'yan tsirarun da ke buga wasan daga Kano da Kaduna da Abuja, al'adar zauren kuwa ita ce duk wanda ya yi sabon inji ko ya ƙara wa nasa wani abu, sai ya ɗauki hoton allo ya turo, lamba na sheƙi a kusurwa. Wannan 180, wancan 250. Ni laftof ce gare ni ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan masu su sun gaji, amma tunda gyara sana'ata ce, na san yadda zan fitar da ita kunya. Sai in shiga fili ni kaɗai, babu abokin gāba ko ɗaya, in je in manna fuska da bango. A wannan halin injin ba shi da abin zanawa, sai lambar ta yi tsalle ta haura 200. In ɗauka in tura, a yi ta jinjina. Ba ƙarya na yi ba, lambar ta gaske ce. Daga baya na gano kusan kowa a zauren haka yake yi, kowa na jinjina wa bangon ɗan'uwansa.

Wasan gaske wani abu ne daban. A fili irin Mirage, idan mutum biyar suka shirya afka wa wurin dasa bam, gurnetin hayaƙi uku ko huɗu za su tashi lokaci guda, a jefa kwalbar wuta a lungu, a jefa mai makantar da ido, bindigogi su kaure ta ko'ina. A daidai wannan lokacin ne lambata ke zubewa zuwa 50, wani sa'in 40. Hoto ya riƙa cijewa, in ja maus dama, allon ya bi ni a makare, kafin in daidaita an gama da ni. Da ƙura ta lafa, ina kwance matacce ina kallon abokaina, sai lambar ta koma 150 abinta kamar ba ita ba. Injina ƙaƙƙarfa ne a duk lokacin da ba a buƙatar ƙarfinsa.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Lambar matsakaici take nunawa, matsakaici kuwa gwanin rufa asiri ne. A ce a sakan ɗaya inji ya zana hoto 100. Guda 99 kowanne ya ɗauki milisakan 9, ɗaya tak ya ɗauki 109. Lambar za ta rubuta 100 cif, duk wanda ya gani ya ce lafiya lau. Amma a cikin sakan ɗin nan akwai lokacin da allonka ya sanƙare na fiye da kashi ɗaya cikin goma na sakan, kusan rabin lokacin da ɗan Adam ke ɗauka tsakanin ganin abu da motsa yatsa. Idan abokin gāba ya leƙo a wannan ɗan tsakanin, hotuna 99 ɗin nan masu kyau ba su amfane ka da komai ba. Shi ya sa masu gwada injuna da gaske ba sa tsayawa a matsakaici, sai sun ware kashi ɗaya cikin ɗari na hotunan da suka fi jinkiri sun duba su daban.

Da na sa ma'aunin zafi kusa da lambar, sai ciwon ya bayyana. Furosesar laftof idan ta doshi digiri 95 zuwa 100, takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Waɗanda suka ƙera ta kuwa ba da ɗakin Kano na watan Afrilu suka yi lissafi ba, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, rufin kwano na mayar da shi har tsakar dare. Ga ƙurar hunturu da ke taruwa a fanka da ramukan iska ta zama kamar bargo. Ga man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, wanda ke bushewa da shekaru. Ga kuma wuta: da an ɗauke ta, laftof ta koma kan batir, sai ta janye ƙarfinta, da yawansu ma an saita su su tsaya a 30. Na buɗe ta na kakkaɓe, na sa sabon mai, na ɗaga bayanta don iska ta ratsa. Ta yi sauƙi, amma ba ta warke ba.

Abin da ya warkar da ita bai ci ko kwabo ba. Wasan na da umarnin da ake kira fps_max, wanda ke yi wa lambar rufi. Da barinta nake yi a sake, injin ya yi ta tseren zana hotuna 200 a lokacin da nake tafiya a lungun da babu kowa, ya gasa kansa a banza, in faɗa ya zo ya tarar da shi a galabaice. Sai na kulle ta a 90. Na rage inuwa da sauran ƙawa. Tun daga nan zafin ya sauka, furosesar ta daina ja da baya, in hayaƙi ya tashi kuma lambar takan ɗan sunkuya kaɗan ta miƙe. Hannuna ya samu abin da zai saba da shi, don hannu na koyon nisan da zai ja maus ne idan allon na amsa masa iri ɗaya kullum. A zaure an yi min dariya da na turo 90. Wani ƙanena a wasan ya rubuto, "Yaya, ko dai a yi maka karo-karo ne?" Na bar shi da dariyarsa.

Dalilin wannan rubutu shi ne tunanin ya ƙi zama a gaban allo, ya biyo ni shago. Shekara da shekaru, idan mutum ya kawo aiki ya tambayi yaushe zai dawo, amsata ɗaya ce: gobe da yamma. Ba da nufin yaudara nake faɗa ba. Na san akwai ranar da na gama ayyuka tuli kafin la'asar, da wannan ranar nake yi wa mutane alkawari. To, wace irin rana ce ita? Ranar da wuta ta wuni, yaron shago ya zo da wuri, duk kayan da nake buƙata suna cikin durowa, babu rasuwa, babu suna, babu yaro a asibiti. Irin wannan ranar bango ce. Ranakun gaske su ne makon da ɗalibai ke shirin kare kundin digiri, kowa tasa laftof ta zaɓi lokacin ta mutu, janareto ya ƙi tashi, allon da zan sa sai an aiko shi daga Legas, ga ta'aziyyar da ba yadda za a yi in ƙi zuwa.

Idan aka tara shekarar aka raba, ni mai cika alkawari ne, mafi yawan ayyukana suna fita a kan kari. Da wannan nake kare kaina a zuci. Amma akwai wata ɗaliba da ta yi ta zarya shagona, ranar kare kundinta na matsowa, kullum ina ce mata gobe. Ba ta yi min rashin kunya ba. Ranar ƙarshe cewa kawai ta yi, "Malam, da ka faɗa min gaskiya tun farko, da na ari ta wata na fara sake bugawa." Ita ba ta san matsakaicina ba, ba kuma ruwanta da shi. Hoton da ya cije shi kaɗai ta gani, kuma a kansa rayuwarta ta tsaya a wannan makon.

Sai na yi wa bakina fps_max. Aikin da na san zan iya gamawa gobe in komai ya tafi daidai, jibi nake cewa, wanda ke buƙatar kaya daga nesa kuwa in faɗi mako. Na kuma rage yawan abin da nake karɓa a rana. Yaron shagona bai ji daɗi ba. "Oga," in ji shi, "wannan fa aikin awa biyu ne. In ka ce jibi, shagon gaba zai kai." Gaskiya ya faɗa, wasu sun kai shagon gaba, inda ake ce musu gobe. Ba zan ce muku na yi arziki da wannan tsarin ba, don ban yi ba. Abin da na samu shi ne na daina ɓuya a bayan shago idan na hango mai kaya, na daina kashe waya, na kuma daina wannan ƙaryar ta "yanzu nake kansa" alhali ko sukurun farko ban kwance ba.

Na gida ya fi zafi, shi ne kuma na fi jinkirin rubutawa. A majalisa ana min shaidar haƙuri, har nakan ji daɗin hakan. Wani dare babbar 'yata ta kawo min shayi, kofin ya kuɓuce kusa da laftof ɗin wani da na zo da ita gida. Ko ɗigo bai shiga ba, amma na daka mata tsawar da ta sa ƙannenta suka farka. Uwargida ta jira har na huce, sannan ta ce a hankali, "Abban yara, kai mai haƙuri ne ƙwarai, muddin babu abin da za a yi haƙuri da shi." Ban tanka ba, don babu abin cewa. Mutanen majalisa suna ganina ne a lokacin da nake zaune a kan tabarma, cikina a ƙoshe, babu mai neman komai a wurina. Yarinyar nan kuwa ba za ta tuna darare masu yawa da na shigo da fara'a ba kamar yadda za ta tuna wannan ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Na zauna na nemi lokutan da hayaƙina ke tashi, kamar yadda na yi wa injin. Ba su da wuyar ganewa: idan na dawo da yunwa, idan an wuni babu wuta, idan wata ya yi nisa aljihu ya yi sanyi, sai kuma, abin kunya, idan an lallasa ni a wasa na tashi da haushi. Maganin ma kusan iri ɗaya ne, a rage kaya kafin zafi ya taru. Na daina zuwa da aikin mutane gida. In na shigo, sai na ci abinci kafin a kawo min ƙarar kowa. Ba na fara wasa idan raina a ɓace yake, ba na kuma farawa idan lokacin salla ya matso, don wasa ɗaya kan kai minti arba'in, wanda ya fice a tsakiya kuwa ana dakatar da shi na rabin awa a karon farko, abin ya riƙa ƙaruwa har ya kai mako, ga abokai huɗu da ya bari a rana. Har yanzu nakan cije wani lokaci. Amma yaran sun daina tsit idan suka ji ƙarar babur ɗina a ƙofa.

Kar dai in cika yabon lambar. Tambaya ɗaya tak take amsawa: injinka na iya zana abin da ke gabansa a kan kari ko kuwa? Ba ta san komai ba game da hanyar da ke tsakaninka da sabar, wato kwamfutar da wasan ke gudana a kanta, wadda ke wata ƙasa. Valve na da su a birane irin su Madrid da Frankfurt da Landan da Johannesburg. Idan na danna maus a Kano, sai saƙon ya gangara Legas ya shiga igiyar ƙarƙashin teku. Ɗaya daga cikin igiyoyin, MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne tsakanin Fotugal da Legas. Haske a cikin zaren gilashi na tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan. Zuwa da dawowa ke nan milisakan 70 sun tafi a teku kawai, ba a sa tazarar Kano da Legas ba, ba a sa na'urorin da saƙon ke yada zango a cikinsu ba. Wannan jinkirin shi ake kira ping. Nawa ya saba zama sama da 100, yaron da ke zaune a Madrid kuwa nasa bai fi 20 ba. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ka riga ka shige bayan bango sannan ka faɗi: a wurin sabar, ba ka kai ga bangon ba tukuna. A watan Maris na 2024, da wasu igiyoyin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta rikice a Najeriya da maƙwabtanta. A waɗannan kwanakin lambata na tsaye ƙyam, wasan kuwa ba ya buguwa sam. Babu katin hoto a duniya da zai rage faɗin teku.

Akwai kuma abin da ba na inji ba ne ba na teku ba. Da can duk mutuwar da na yi, idona kan zarce kusurwa neman mai laifi, kuma nakan samu. Da na kulle lambar ta daina rawa, sai hujjar ta kuɓuce min. Wasan na ajiye faifan karawar da aka yi, mutum ya koma ya kalli kansa ta idon wanda ya kashe shi. Na kalla. Na ga wani dattijo yana fitowa fili bai duba lungu ba, bindigarsa na kallon ƙasa, yana gudu yana harbi alhali a wannan wasan harsashi ba ya tafiya daidai sai ka tsaya. Lamba lafiya, ping kamar kullum. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Ta fuskar kuɗi ma lambar ta sha jefa matasa a asara, ina ganinsu a shago. Monita na da tata iyakar. Wadda aka saba da ita sau 60 take sabunta hoto a sakan, ko injinka na zana 300, sittin za ta nuna maka. Rarar na da ɗan amfani, don hoton da za ta ɗauka ya fi zama sabo, amma ba abin da za a sayar da babur a kai ba ne, wani lokaci ma sai hoton ya riƙa tsagewa a tsakiya. Wani saurayi ya taɓa kawo min injinsa da sabuwar monita mai 144, yana rantsuwa tun da ya saye ta hannunsa ya canza. Da na duba saitin Windows, a kan 60 take tun ranar da ya jona ta. Na gyara masa, ya ja maus ya yi shiru. A tarihin waɗannan wasanni dai an yi lokacin da lambar ke taɓa dokar wasan kanta: a Quake III Arena, wanda id Software ta fitar a 1999, 'yan wasa sun gano cewa wanda ya kulle injinsa a 125 yakan yi tsallen da ya ɗan fi na sauran, saboda yadda wasan ke lissafin motsi. Abin lura a nan, su ma kullewa suka yi, ba saki ba.

A watan Satumba na 2023 Counter-Strike 2 ya maye gurbin CS:GO, da sabon hayaƙi mai cika wuri kamar na gaske, wanda harsashi ke huda shi, gurneti ke yaye shi na ɗan lokaci. Kyakkyawa ne, nauyi gare shi kuma, tsohuwar laftof ɗina ta ji a jikinta, dole na ƙara sauke rufin. Umarnin net_graph ya tafi, aka kawo wani ma'auni a cikin saiti wanda ke nuna abu biyu gefe da gefe: matsakaicin FPS, da kuma tsawon lokacin da hoto mafi jinkiri ya ɗauka. Na biyun nake kallo. An kuma ba da zaɓi uku: kada a nuna sam, a nuna kullum, ko a nuna idan abubuwa sun lalace kawai. Muhawarar da ake yi a zaurenmu ke nan har gobe. Wasu na cewa a kashe ta, tana ɗauke ido daga inda abokin gāba zai fito. Wasu na cewa wanda bai ga lambarsa ba a makance yake wasa. Ni na ukun na zaɓa. Idan ka canza wani abu a injin, ko zafi ya shigo, ko wasan ya sabunta kansa, kunna ta ka yi kwana biyu kana lura. In ka gama gyara, ba ta da sauran aiki a gabanka sai ranar da wani abu ya ɓaci.

Yawancin yaranmu ba a kwamfuta suke wannan wasa ba, a waya suke: PUBG Mobile da ya fito a 2018, Call of Duty: Mobile na 2019, da Free Fire mai tausayin ƙananan wayoyi. Ciwon ɗaya ne. Yaro ya shiga saiti ya ɗaga komai zuwa ƙololuwa don abokinsa ya gani, minti goma na farko wayar na gudu kamar ruwa, daga nan ta ɗau zafi, ya kuma jona ta a caji yana wasa, zafi kan zafi. Sai a zagayen ƙarshe, da fili ya ƙuntata kowa ya haɗu wuri ɗaya, ta fara cijewa. Washegari ya tasa mahaifinsa gaba wai wayar ta tsufa. Sau da yawa ba ta tsufa ba. A sauke kyan hoto zuwa ƙasa, a zaɓi gudun da za ta iya riƙewa har ƙarshe, a cire mata riga, a cire caja.

Kai kuma da ke shirin sayen laftof ta hannu don wannan wasa, kar ka yarda da hoton allo da aka turo maka, kar kuma ka yarda mai kaya ya shiga fili shi kaɗai ya nuna maka lamba. Ka zauna da kanka, a jona caja, ka kunna ma'aunin tare da na zafi, ka shiga karawa mai cike da mutane, ka buga rabin awa har injin ya gasu. Ka jefa hayaƙi ka kutsa cikinsa ana harbi, ka duba mafi ƙanƙantar lambar da ta bayyana, ka yi ciniki a kanta. In mai sayarwa ya ƙi yarda a yi wannan gwajin, ka bar masa kayansa.